Dan Allah ana iya canza wa laftof furosesa daga i5 zuwa i7?

Ɗan Kurna: Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana kwamfuta ina neman shawara. Ina da HP EliteBook 8470p, core i5 ce, ram 4, da ita nake editin bidiyon biki da ɗan zane-zane a Corel, to yanzu abin ya fara isata wlh, in na sa renda, wato fitar da bidiyon da na gama haɗawa, sai in je in yi sallah in ci abinci in dawo ko rabi ba ta kai ba, ga masu biki kun san halinsu, yau a ɗaura aure gobe da sassafe suna kira wai ina bidiyonmu. Wani mai gyara ya ce in kawo ya cire furosesan ya sa min i7, har yana cewa in da kuɗi a hannuna zai iya sa min na jenareshon 8. Shin da gaske ana yi ko kuɗina kawai zai ci?

Bakatsine: Wslm. Ba a canza furosesan laftof malam, a destof ake wannan. Na laftof a like yake da bod. Rike kudinka kawai

Injiniya Mai Bod: Bakatsine ka faɗi rabi ka bar rabi. Na yanzu ne a liƙe, amma tsofaffin da yawansu a kan soket suke zaune. Ita 8470p ɗin nan ta 2012 ce kuma soket gare ta, wanda ake ce wa G2 ko rPGA988B. In ka kifa ta ka zare murfin ƙasa, ka kwance fanka da jan ƙarfen nan mai kwashe zafi, za ka ga furosesan zaune a kan wani faranti mai ƙananan huji da sukuru ɗaya a gefe, rabin juyi za ka yi masa da sukurdireba mai faɗin baki sai ya saki, da yatsa ma sai ka ɗago shi. To canzawa dai ana canzawa. Amma maganar jenareshon 8 ɗin nan ƙarya ce tsagwaronta. Soket na ƙarshe da Intel ta yi wa laftof shi ne G3, na jenareshon 4, a 2013. Daga jenareshon 5 zuwa sama duk da dalma ake liƙe su a jikin bod, ba su da ƙafafun da za su shiga soket ma balle a yi maganar taka. Taka jenareshon 3 ce, abin da za ta ɗauka na 3 ne ko ta koma baya ta ɗau na 2, shi ke nan.

Bakatsine: To ni dai duk wacce na taba budewa a like na gani

Injiniya Mai Bod: Ai sirara ka buɗe shi ya sa. Duba lambar furosesan, in ta ƙare da U ko Y a liƙe yake, babu tantama. In ta ƙare da M ko QM ko MQ to akwai yiwuwar soket, amma shi ma ba kullum ba, don ThinkPad X230 furosesanta da M ya ƙare kuma a liƙe yake, alhali T430 'yar gidansu soket ce. Shi ya sa kafin a sayi komai a sauke CPU-Z, kyauta ce, a duba wurin da aka rubuta Package. In ka ga rPGA an ci nasara, in ka ga BGA a haƙura.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri Injiniya. Na duba yanzun nan, i5-3320M ne, kuma ya rubuta Socket 988B rPGA. To wane i7 zan ce a nemo min?

Injiniya Mai Bod: Yauwa, nan ne ake cin kuɗin mutane. i7 iri biyu ne a wannan jenareshon ɗin. Akwai irin su i7-3520M, sunansa i7 amma koa biyu ne, wato ƙwaƙwalen aiki biyu a cikinsa, kamar naka, bambancin kawai naka 2.6GHz yake gudu shi 2.9, wlh in aka sa maka shi ba za ka ji wani canjin kirki ba sai dai ka riƙa gaya wa mutane kana da i7. Wanda zai yi maka aiki shi ne mai haruffan QM a ƙarshe, koa huɗu ke nan, layin aiki takwas. Ka nemi i7-3632QM ko i7-3612QM. Su biyun nan na zaɓa da gangan saboda wat 35 suke ci daidai da naka na yanzu, fankarka da cajarka ba za su sha wahala sosai ba.

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki duk da ni ba injiniya ba ce, shagon taifin da firintin nake da shi. Ƙanina ka ce ram ɗinka 4, to hadis ɗin fa, wane iri ne a ciki? Don nawa kwamfutocin na shago haka suka dinga min nauyi, a kunna sai an yi ta jira, a buɗe Corel sai ta maƙale kwastoma na tsaye yana kallonka, har na fara lissafin sayar da su gaba ɗaya. Ƙanin maigidana ne ya ce a sa SSD, ma'ajin nan mai sauri da ba ya juyawa, a ƙara ram tukuna a gani. Ba a taɓa furosesa ko ɗaya ba, amma yau in ka zo ka gansu sai ka rantse sababbi ne.

Ɗan Kurna: Hajiya mai juyawar nan ne, 500GB, wanda ta zo da shi

Kwamared: Hhhh to ai ga ɓarawon nan a cikin gida kana neman sa a waje. Ram 4 da hadis mai juyawa a ce ana editin bidiyo? Ko i9 ka sa haka za ta yi ta jan ƙafa. Malam ka sayi SSD ka cika ram 16 ka manta da wani furosesa.

Injiniya Mai Bod: Hajiya ta yi gaskiya, Kwamared kuma ya ɗan wuce gona da iri. SSD ɗin SATA yana karanta wajen 500MB a sakan, hadis ɗin laftof mai juyi 5400 da ƙyar yake haura 100, kuma a ƙananan fayiloli ma tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. To kunnawa, buɗe Corel, jan bidiyo a kan layin editin, duk wannan SSD da ram ne maganinsu. Amma shi kukansa na farko renda ne, kuma renda aikin furosesa ne, koa biyu da koa huɗu ba ɗaya ba ne a nan ko kaɗan. Ɗan Kurna abin da za ka yi, sa renda ka danna Ctrl Shift Esc ka buɗe Task Manager ka shiga Performance, ka faɗa mana wanne ne ya cika ɗari, CPU ne ko Memory ko Disk.

Ɗan Kurna: To fa. Dukkansu sama suke 😂 CPU ɗari, Memory casa'in da wani abu, Disk kuma yana hawa ɗari yana sauka

Kwamared: Ba na faɗa ba

Injiniya Mai Bod: Shi Disk ɗin ram ne ya jawo masa, in ram ya cika sai Windows ta koma ajiye abubuwa a kan hadis, shi kuma ga shi da ma ba gudu. Jerin da zan ba ka: ram tukuna, ramuka biyu gare ta tana ɗaukar 8 da 8, DDR3. Sai SSD, tsohon hadis ɗin kuma kar ka yar, akwai ɗan akwatin da ake sawa a gurbin DVD sai ka mai da shi ma'ajin bidiyo. Furosesa ya zo na uku, in har lokacin renda na ci maka rai.

Abba Ƙarami: Dan Allah Oga ni ma a taimaka, tawa HP EliteBook 840 G3 ce i5, za ta hau i7?

Injiniya Mai Bod: A'a ƙanina, i5-6300U ko 6200U ne a cikinta, a liƙe. Kuma ko da za ta yiwu, i7 ɗin wannan layin ma koa biyu ne, ba abin da ka rasa.

Yaron Oga: Ana yi fa. Ogana yana daga na like din ya dora wani, da idona na gani, injin ne dashi mai hura zafi sama da kasa. Kawai dai masu iyawa ne basu da yawa

Injiniya Mai Bod: Ban ce ba a yi a duniya ba. Ana yi, amma ka gaya masa gaskiyar abin da ke ciki. Ƙwallayen dalma fiye da dubu ne a ƙarƙashin ɗan cif ɗin nan, dole a narkar da su lokaci ɗaya a ɗaga, a share wurin tas, a jera wa sabon nasa ƙwallayen, a daidaita a sake narkarwa, in zafi ya ɗan yi yawa bod ya lanƙwashe ko wani layi ya ɗago, in ya yi kaɗan wasu ba su kama ba, sai ta yi aiki yau ta ƙi kawo wuta jibi. Kuma sabon cif ɗin daga ina? Daga wani mataccen bod aka ɓanɓaro shi, ya riga ya sha wuta sau ɗaya. Ana wannan aikin ne don ceton bod ɗin da ya mutu, wanda da ma ba a da abin asara. Amma laftof lafiyayya tana aiki a kai ta a gasa don a samu ƙarin gudun 0.2GHz, wannan ni ba zan yi wa kwastomana ba. In dole sai i7, a nemi bod ɗin 840 G3 mai i7 gaba ɗaya a musanya, ya fi kwanciyar hankali.

Yaron Oga: To kowa da iyawarsa dai

Mai Kemis: Ni abin da zan ƙara, a kula da cifset, cif ɗin bod da ke aiki tare da furosesa, don ni na ga ta kaina. Ina da wata 'yar laftof mai Pentium, soket ce, wani mai gyara ya ce zai mai da ita i5, ya sa, ta kunna lafiya lau a gabana na biya na tafi ina murna. Ina zuwa gida ina cikin aiki sai ɗif ta mutu. Na kunna, bayan minti 30 ta sake ɗaukewa, kamar an saita mata agogo. Na koma ya ce zafi ne ya canza fanka, ya ce batir ne, ya ce Windows ce ya sake lodawa, duk a aljihuna. Daga baya wani ya duba ya ce cifset ɗinta HM70 ne, shi kuma Pentium da Celeron kawai aka yarda ya ɗauka, in ka sa masa core i zai tashi amma duk minti 30 sai ya kashe kansa. Haka aka mayar min da Pentium ɗina, kuɗin i5 kuwa har yau ana za a ba ni.

Maman Ilham: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri

Injiniya Mai Bod: Amin. Wannan matsalar sananniya ce, kuma abin haushin shi ne a shago ba wanda ke zama rabin awa yana gwaji. Haka kuma masu jenareshon 2 da cifset HM65, soket ɗinsu iri ɗaya ne da na 3, furosesan zai shiga daram amma allo ba zai kawo ba. Shi dai Ɗan Kurna ba ruwansa da wannan, QM77 ne a tasa.

Malam Destof: Injiniya ina girmama ka amma ban yarda da zaɓinka ba. In za a yi abu a yi shi gaba ɗaya. Me ya sa 3632QM mai 2.2? Ga 3720QM, ga 3740QM, ga 3840QM, duk soket ɗaya ne kuma sun fi gudu. Mutane da yawa sun sa a irin wannan injin suna aiki da su.

Injiniya Mai Bod: Malam waɗannan wat 45 ne. Masu sawa suna nunawa a YouTube ka duba inda suke zaune, ɗaki mai sanyi, wasu ma dusar ƙanƙara ce a tagarsu. Shi wannan bawan Allah a Kano yake, a watan Afrilu zafin gari kansa yana haura 40, ga ba wuta balle esi, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Furosesan nan iyakar zafinsa digiri 105, yana dosar wurin zai fara rage gudu da kansa don kar ya ƙone. To ka biya kuɗin mai gudu, renda ya yi minti kaɗan ya ɗau zafi ya sauko ƙasa da mai wat 35 ɗin, me aka yi ke nan? Kamar ka ɗora injin tifa a kan a-daidaita-sahu ne, ƙarfin yana nan amma jikin ba zai ɗauka ba.

Malam Destof: Da man sanyaya mai kyau da faifan fanka a ƙasa zai riƙe. Ni na ga wanda ya riƙe

Injiniya Mai Bod: Zai iya riƙewa, ban musa ba, amma ga caja kuma. In mai wat 65 gare shi sai ya nemi ta 90, wani kuɗin ke nan, kuma cajojin kasuwa ka san abin da aka rubuta a jiki daban abin da suke bayarwa daban. Batir ma da sauri zai dinga zuƙewa, mutumin da ke aiki da Nepa ta zo ta tafi.

Ɗan Kurna: 65 ce cajata kuma batirin ma ko awa ɗaya ba ya yi gsky

Malam Destof: To a haka kam na sallama, ya tsaya a 35 ɗin

Kwamared: Ni fa har yanzu ina ganin duk wahalar banza ake. Ku haɗa kuɗin ram 16, kuɗin SSD, kuɗin i7, kuɗin aiki, ku ɗora a kan abin da zai samu in ya sayar da ita yadda take, ai ya kusa kama 'yar gwanjo mai jenareshon 8, irin su 840 G5 ko T480 ko Latitude 5490. Kuma i5 na jenareshon 8 koa huɗu ne da ma tun daga kamfani, a wat 15 kacal, ba zafi ba ƙugin fanka. Ga Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga jenareshon 8 take karɓa a hukumance, da cif ɗin tsaro TPM 2.0. Ko i7 ɗin ya sa, jenareshon 3 sunanta.

Bakatsine: Ana dora 11 a kan tsofaffi da manhajar Rufus, tawa ma haka nayi

Kwamared: Ana ɗorawa ta bayan gida, na sani. To Premiere, manhajar editin bidiyo, fa? Sababbin suna neman furosesa mai fasahar AVX2, shi kuma daga jenareshon 4 aka fara sa shi. Wannan ba Rufus ɗin da zai ba ka.

Injiniya Mai Bod: Wannan magana ce mai nauyi, kuma in da kuɗin a dunƙule nima ita zan ba shi. Sai dai ba kowa ke da shi a dunƙule ba. Amfanin tsohuwar shi ne ana yi mata kaɗan-kaɗan, bikin wannan satin ya sayi ram, na sati mai zuwa SSD, aikinsa bai tsaya ba. SSD ɗin ma in ya canza laftof gobe zai iya tafiya da abinsa ko ya sa shi a akwatin USB. Ram ɗin da furosesan ne kawai kuɗinsu zai mutu a jikinta.

Ɗan Kurna: Kwamared wlh ka faɗi gaskiya amma yanzu ba hali, ga haya ga kuɗin makarantar yara. Tsohon Premiere nake amfani da shi kuma 1080 nake fitarwa, ba ruwana da 4K

Maman Ilham: Duk wanda za ka saya dai ƙanina a gwada a gabanka. Kuma kar ka yarda da sitika, ni an taɓa kawo min wata da sitikar i7 a jiki ashe i3 ce

Injiniya Mai Bod: Sosai Hajiya. Har rubutun da ke fitowa a Properties ana iya sauya shi, a BIOS ake dubawa ko CPU-Z. Ɗan Kurna in ka tashi sayen furosesan, ko a Beirut Road ko Farm Centre ko ka sa a taho maka da shi daga Computer Village ta Legas, ka juya shi ka kalli ƙafafun a haske, ko ɗaya kar ya zama a lanƙwashe. Ka tabbatar mai ƙafafu ne, don lamba ɗaya tana iya zuwa da na soket da na liƙewa. In ta intanet za ka yi oda ka guji wanda aka rubuta ES, na gwajin kamfani ne. Wajen sawa a cire batir da caja tukuna, akwai 'yar alamar kusurwa uku a gefe ɗaya na furosesan da irinta a soket, a daidaita su, da kansa zai faɗa, in ka ga sai an danna to ba daidai yake ba. A goge tsohon man tas a ɗiga sabo kaɗan, sukurorin jan ƙarfen akwai lamba 1 2 3 4 a jiki a bi su a jere. Kuma a sabunta BIOS tun da tsohon furosesan, kafin a cire.

Abba Ƙarami: Oga man goge baki yana yi? Na ga wani ya sa

Admin: Abba dan Allah 😂 Kar wanda ya gwada. Sannan masu turo tallan data a ƙarƙashin wannan zaren a daina, na goge guda biyu.

Ɗan Kurna: Slm jama'a na dawo da bayani. Na sa ram 16 da SSD tukuna kamar yadda aka ce, Hajiya Allah ya biya ki, kunnawa da buɗe Corel yanzu kamar ƙiftawar ido, layin editin ma ya daina sarƙewa. Renda ya ɗan ragu amma ba sosai ba, CPU na nan a ɗari. Jiya na samu 3632QM aka sa a gabana, na zauna a shagon muka sa renda ya fi awa guda ban tashi ba saboda labarin Mai Kemis. Da aka buɗe fankar kuwa abin da aka ciro na ƙura kamar auduga, mai gyaran har dariya ya yi. Yanzu renda ya sauko sosai, sai dai zafi a HWMonitor yana kai 88 zuwa 90 in aiki ya yi nisa, fanka kuma tana ihu. Lafiya dai ko?

Injiniya Mai Bod: A lokacin renda ba laifi, in dai gudun bai faɗi ba kuma ba ta ɗaukewa. Ka ɗaga bayanta da wani abu iska ta shiga, kar ka ɗora ta a katifa ko dadduma, manyan renda kuma ka bari sai dare ko da asuba. In ka ga ta fara wuce 95 a sake duba man da aka sa, wasu na shago ruwa ne kawai.

Mai Kemis: Ɗan Kurna tsohon i5 ɗin fa, yana hannunka ko mai gyara ya riƙe?

Ɗan Kurna: Ya so ya riƙe wai ladan aiki, na ce a'a na biya ka ai. Yana nan na naɗe shi

Injiniya Mai Bod: Ajiye shi har ka ga yadda za ta yi da zafin bazara, in ta gaza sai ka mayar. A soso za ka kifa ƙafafun kar su lanƙwashe.

Bakatsine: In bazara ta wuce lafiya ni ina so, akwai wata Latitude E6430 mai i3 a wajen kanwata